Amsoshin Tambayoyinku: Neman Taimako Ko Satar Amsa?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau wasiƙun duk a kan lissafi suka taru, ga lokaci kaɗan. Tare da ni akwai wani malamin lissafi na sakandare.

Wata ɗaliba na son sanin yaushe manhajar Photomath ta fito. A 2014 ne, ƙanwata. Ita ce ake haska wa lissafi da kyamarar waya ta warware shi.

Sai wadda mutane da yawa suka aiko da irinta. Wani ɗalibi ya rubuto rai a ɓace, wai ya tura hoton aikin gidansa a wani zauren taimakon lissafi, mai kula da zauren ya goge, ya ce sai ya nuna ƙoƙarinsa tukuna. Yana tambaya, wannan ba rowar ilimi ba ce? Haba ƙanena! Da bakinka ka ce tambaya goma ka tura, ko alƙalami ba ka ɗora a kan ɗaya ba. Malam, bismilla.

"To, ai shi lissafi tun asali hanya ake koyarwa. Ka ɗauki Al-Khawarizmi a Bagadaza, ƙarni na 9, wanda daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabara. Da kalmomi zalla yake bayani, mataki bayan mataki, babu waɗannan alamomin namu na yanzu. Mu ma wajen duba takardu, akwai makin hanya daban, akwai na amsa..."

Malam, a yi haƙuri, yaron nan yana jira. An zalunce shi ko kuwa?

"Ba a zalunce shi ba. A ce 2x + 3 = 11. In na ce masa 4, to 4 ɗin kawai ya samu. In na ce ya fara cire 3 daga kowane ɓangare, sannan ya raba da 2, gobe ko an sauya lambobin zai yi da kansa."

Kun dai ji. Bari in maimaita: ka rubuta tambayar, ka nuna abin da ka gwada, ka faɗi inda ka maƙale. Wannan neman taimako ne. Ka kwafi amsar wani ka miƙa wa malaminka da sunan taka, wannan satar amsa ce, ko a aji aka yi ko a waya. Mai turo tambaya kuwa ana tsakiyar jarrabawa, a ganina a goge nan take.

Amma masu kula da zauruka, ku ma da naku. Goge tambaya ba tare da bayani ba, ba tarbiyya ba ce. Na sha ganin yaro ya yi tambaya mai sauƙi an taru ana yi masa dariya, daga ranar bai ƙara buɗe baki ba. Abin yana yi mini ciwo. Ku gaya masa dalili, ku bar masa ƙofar dawowa.

Wani uba ya ce ɗansa ChatGPT, manhajar nan da ake rubuta wa tambaya ta ba da amsa, yake ba aikin gida. Alhaji, ka zauna da shi ya yi maka bayanin mataki ɗaya. Manhajar ta fito a Nuwamban 2022, cikin Disamba shafin Stack Overflow na masu rubuta manhajoji ya haramta amsoshinta, domin sukan zo tsaf a ido alhali da kuskure a ciki.

Mai tambaya a kan nuna wa aboki aikinka: ku tattauna hanya tare, kowa ya rubuta nasa.

Ana yi mini alamar lokaci ya cika. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.