Ina Ɗalibin Sulhu Zai Samo Abin Karatu?

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayena malamai, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da war haka. Na baya kuna jina? To madalla.

An ce in yi magana kan kayan koyo da koyar da sasanta rikici a jami'a. Abubuwa huɗu na rubuto a takardar nan.

Na farko littattafai. Duk wanda ya zauna ajin GST na zaman lafiya, wato darasin gama-gari na jami'a, ya ji sunan Johan Galtung, mutumin Norwe da ya kafa cibiyar binciken zaman lafiya a Oslo a 1959. Shi ya bambanta zaman lafiyar da bindiga ce kawai ta yi shiru da wanda aka tumɓuke zaluncin da ya haifi faɗan. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Jami'ar Bradford a Ingila ta buɗe sashen nazarin zaman lafiya a 1973, Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa jami'a sukutum don wannan a Kosta Rika a 1980, mu kuma gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar zaman lafiya da warware rikici a Abuja a 2000. Rubuce-rubucensu suna nan, da yawa kyauta a intanet.

Na biyu, kuma nan zuciyata take, shi ne zaure. Zauren mai unguwa, zauren dagaci, gindin bishiyar da ardo yake zama. Jama'a, laburare ne, laburare ne da ba a rubuta ba!

Ku ɗauki lokacin kaka. Shanu sun faɗa gonar gero, manomi ya fito da gora, makiyayi ya riƙe sandarsa. Me ke faruwa kafin jini ya zuba? Ana tura dattawa su je su ga ɓarnar da idonsu, sarkin noma na nan, ardo na nan, a ƙiyasta dami nawa aka ci. Amma wa ke fara magana? Wa aka aika da daddare ya lallashi mai gonar kafin a zauna da safe? Me ya sa wani lokaci mai gona yake yafe rabin kuɗin a gaban jama'a, bayan an riga an yanke? Kuma idan gonar ce ta cinye burtali, laifin wa? Littafin da aka rubuta a Oslo ba zai ba ka amsa ba. Dagacin garinku zai ba ka.

Ni duk zangon karatu nakan ce wa ɗalibaina kowa ya koma gida ya rubuto min sulhu guda ɗaya da aka yi a garinsu, daga farko har ƙarshe, ya ɓoye sunaye. Guda ɗaya tak. Wani yaro ya dawo ya ce min, "Malam, ashe kakana shekara da shekaru aikin da yake yi ke nan, ni kuwa na ɗauka hira yake." Ranar da farin ciki na kwana.

Ku leƙa Nijar ma. Tun 1993 suna da dokar karkara, da kwamitocin filaye har matakin ƙauye, masu shata burtali da mashaya. Kuma wasan barkwancin da muke yi, a 2014 UNESCO ta sa na Nijar cikin gadon al'adun duniya. Akwai Babarbare a ɗakin nan? Ga shi can yana ɗaga hannu. To ni Bafulatani ne, ka tashi ka ba ubangidanka kujera! (Dariya.) Kun ga abin da ya faru yanzu? An yi zagi, an yi dariya, ba a yi faɗa ba. Wannan ai abin digirin digirgir ne.

Ga Kaduna kuma. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun jagoranci matasa masu gaba da juna, a rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwa. A 1995 suka haɗu, suka kafa cibiyar sulhu tare, har aka kai ga yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a 2002. Ku gayyato irin waɗannan mutane cikin aji, su zauna, ɗalibai su yi ta tambaya.

Na huɗu... na uku ko? Shugaba yana nuna min agogo. To a gurguje: takardun da ke Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, alƙaluman rikici da Jami'ar Uppsala ta Sweden da ƙungiyar bincike ta ACLED suke tarawa, dokar sasanci ta Najeriya ta 2023, da babin sulhu a littattafan fiƙihunmu na Malikiyya. Sannan a riƙa kwaikwayon zaman sulhu a aji, wannan ya zama ardo, wancan mai gona.

Na'am, 'yata, ga abin magana nan.

(Wata ɗaliba: Malam, zauren da kake yabo mata ba sa shiga. Kuma sau da yawa sulhun shi ne a ce wa mai rauni ya yi haƙuri.)

Allah Ya yi miki albarka. Gaskiya kika faɗa, kuma ba zan kare abin da bai cancanci kariya ba. Matar da aka daka aka ce ta koma ɗakinta, maraya da aka danne wa gado aka ce ya bar wa Allah, wannan shi ne shirun da Galtung yake nufi. Tun kafin shi ma, a wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa Al'ash'ari an ce sulhu halal ne tsakanin Musulmi, sai wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. Saboda haka idan ɗalibi ya rubuto sulhu, ya ƙara tambaya ɗaya: bayan wata shida, wanda aka ba haƙuri yana ina, yaya yake?

Kuma ke zan ba aiki. Sulhun da gwaggo da uwargida da ungozoma suke yi a tsakar gida, mu maza ba ma iya shiga mu ji. Ki fara da babbar matar da ake kira in rigima ta tashi a unguwarku, ki nemi izininta, ki zauna da ita sau uku. Ki same ni bayan an tashi in ba ki tambayoyin da za ki fara da su.