Jawabin Maraba ga Mai Girma Babban Baƙo a Ziyararsa ta Ganin Gonaki da Rayuwar Ƙauyenmu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma babban baƙonmu, ranka ya daɗe. Manyan jami'an da suka rufa maka baya. Mai girma dagaci da masu unguwanni. Limamai da malamai. Iyayenmu maza da mata. Shugabannin manoma da na makiyaya. Matasa da 'yan makaranta, barkanmu da wannan rana.

A madadin dagaci da dattawa da ɗaukacin jama'ar wannan ƙauye, an ɗora mini nauyin yi maka barka da zuwa, da kuma gode maka bisa yadda ka ajiye ayyukan da ke gabanka, ka biyo hanyar da ka biyo, ka zo har ƙofar gidanmu. Gani ya kori ji. Abin da rahoto ba zai kai maka ofis ba, yau idonka zai nuna maka shi.

Ranka ya daɗe, mu manoma ne, kuma ruwan sama ne yake tsara mana shekara. Da bazara muna sharar gona da kai taki, da ruwa ya sauka sai shuka, daga nan noman fari da maimai, har Allah Ya kai mu kaka a shiga girbi da sussuka. Da rani masu fili a fadama su kama ban ruwa, masu dabbobi su dukufa ga kiwo, matasa da yawa kuma su tafi birni neman abin da za su dawo da shi kafin damina. Yawancinmu gonakinmu ƙanana ne, kuma ba mu kaɗai ba ne a haka: ƙididdigar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta nuna cewa kusan kashi 84 cikin 100 na gonakin duniya ba su kai hekta 2 ba, duka-duka kashi 12 cikin 100 na ƙasar noma ke hannunsu, amma daga cikinsu ake samun wajen kashi ɗaya bisa uku na abincin da duniya take ci. Majalisar ma ta keɓe shekarun 2019 zuwa 2028 domin manoman da ke aiki da iyalinsu. Muna ambaton haka ne domin a san cewa ƙaramin manomi ba abin rainawa ba ne.

Babban abin da dattawa suka ce in tsaya a kansa, ranka ya daɗe, shi ne ƙasa. Ita ce dukiyarmu. Gidajenmu, rumbunanmu, shanun huɗa da 'yan tumaki, duk a kanta suka dogara, amma mafi yawan gonakin da za ka gani yau babu wata takarda da ta san da su. Shaidar mallakarsu tana cikin kawunan tsofaffi, iyakarsu kuwa jerin ciyawa ce, ko wata bishiya, ko wani dutse da kakan wani ya kafa. A da hakan ya wadatar, domin ƙasa tana da yalwa, kowa kuma ya san kowa. Yanzu jama'a ta ƙaru, gonar da mutum ɗaya ya ciyar da gida da ita an raba ta gado sau biyu ko sau uku, har wani rabon bai isa a juya garmar shanu a ciki ba. Tsohon da ya san iyaka idan ya rasu, da saninsa yake tafiya. Bishiyar kan iyaka idan iska ta kayar, sai 'yan uwa na jini su wayi gari a gaban alƙali.

Akwai kuma jingina. Mutum ya shiga matsi, rashin lafiya ko bashi, ya ba da gonarsa a kan kuɗi kaɗan da niyyar fansa, babu rubutu sai shaidu biyu. Shekaru su shuɗe, shaidu su mutu, magada su zo fansa a ce musu ai sayarwa aka yi. Waɗanda wannan ya fi cutarwa su ne marayu da matan da mazansu suka rasu, domin su ne muryarsu ba ta kai nesa. Ga dillalai da suka fara shigowa suna taya filayen bakin hanya da na gefen fadama, kuma manomin da ya sayar da gona a shekarar wahala da wuya ya sake mallakar wata. Haka nan burtali da mashaya: duk taƙin da noma ya ci daga cikinsu, rigima ce aka shuka tsakanin manomi da makiyayi, alhali kuwa kowannensu yana bukatar ɗan uwansa, wannan da harawa da kara, wancan da taki da nono.

Tun a shekarar 2012 ƙasashen duniya suka amince a birnin Rum da wasu ƙa'idoji na kula da mallakar ƙasa da dazuzzuka da wuraren kamun kifi, waɗanda suka yi kira da a girmama haƙƙin mallaka na gargajiya ko da ba a rubuce yake ba. Roƙonmu a nan shi ne ka sa baki a turo mana masu awon fili, su zauna da dagaci da masu unguwanni da maƙwabtan kowace gona, a auna a bainar jama'a, a rubuta, a ba kowa shaidarsa a kan kuɗin da talaka zai iya biya, a kuma shata burtali da makiyaya a sa musu alamar da ba ta gogewa. Muna so a yi haka tun dattawan da suka san asalin kowace iyaka suna raye.

Abu na biyu shi ne ajiya. A shekarar 2019 FAO ta ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na abincin duniya yana salwanta tsakanin gona da kasuwa, mu kuwa a rumbunanmu muke ganin namu rabon na wannan asara, ta hanyar ƙwari da ɓeraye da danshi. Masarar da aka ɗura ba ta bushe sosai ba, wato danshinta ya haura kimanin kashi 13 cikin 100, tana yin funfuna, kuma funfunar nan tana iya haifar da guba mai lahani ga hanta. Tsoron wannan asara ne yake sa manomi ya sayar da amfaninsa da kaka lokacin da ya fi araha, ya dawo ya saya da tsada a tsakiyar damina. Buhunan nan masu ruɓi uku da ba sa shan iska, waɗanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, suna kashe ƙwari ba tare da an zuba magani ba. Da za a kusanto mana da su, tare da ɗakin ajiya na haɗin gwiwa da dandamalin shanya, da an share mana hawaye. Maganar hanya kuwa ba sai na tsawaita ba, ka biyo ta da kanka.

Ranka ya daɗe, ba koke kaɗai muka tara maka ba, muna da abin nunawa. Dutsen da ke gabas da gari, idan ka hau shi da hantsi bayan an yi ruwa, gonaki ne kore shar har iyakar ganinka. A gindinsa akwai tafkin da ba ya ƙafewa da wuri, inda tsuntsayen ruwa suke sauka garke-garke, ga shamuwa da ke zuwa ta yi sheƙa a manyan bishiyoyinmu, wadda ganinta yake sa manomi ya fara gyaran iri. Za ka ga gawo a tsakiyar gonaki, bishiyar da ke zubar da ganyenta da damina ta bar wa shuka rana, ta yi ganye da rani ta ba dabba inuwa da abinci, hatsin da ke ƙarƙashinta kuma ya fi na gefe kyau. Iyayenmu sun hana a sare ta, mu ma muna hanawa. Da dare kuwa, musamman in babu farin wata, taurarin da hasken lantarki ya ɓoye wa mutanen birni a nan suna nan cif.

Hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara karrama ƙauyuka masu irin wannan baiwa tun shekarar 2021, abin da ya nuna cewa ƙauye ma wurin zuwa ne. Muna maraba da ɗalibai da masu bincike da duk mai son ganin yadda ake noma abin da yake ci. Sharaɗinmu dai shi ne dutsen da tafkin su ci gaba da zama na jama'a, a rubuta su da sunan gari, kada wata rana mu tarar an kewaye su da waya, 'ya'yanmu suna leƙe daga waje.

Bayan wannan zama, dagaci zai yi maka jagora zuwa gonakin arewa, inda wasu magada za su nuna maka yadda rabon gado ya daddatsa gona guda, daga nan a bi ta burtali a gangara tafki. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.