Balas da Batir: Wa Zai Saya wa Kano Bas Mai Lantarki?

(An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani zauren taro a cikin birnin Kano, ranar wata Asabar da hantsi. An cire gabatarwar shugaban taro.)

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Mai gabatarwa ya ce minti arba'in aka ba ni, na ce masa an ji, amma Allah ne Ya san gaskiyar lamari.

Da safen nan daga Rijiyar Zaki na taho, adaidaita biyu na hau kafin in iso. A ta biyun mu biyar ne, uku a baya, biyu sun sa direba a tsakiya, ga buhun wani bawan Allah a kan ƙafata. Tun da aka hana acaba ɗaukar fasinja a Janairun 2013, wannan 'yar ƙurƙurar ce ke ɗauke da Kano a kanta. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuwa, kowa ya ji a aljihunsa. Shi ya sa maganar bas mai lantarki ta taso. Hanyoyi huɗu zan kawo na yadda birane ke mallakar irin waɗannan motoci, huɗu cif, ku riƙe ni da su.

Kafin nan ku riƙe wannan. Bas mai shan gas arha ce ranar saye, tsada kullum. Mai lantarki tsada ce ranar saye, arha kullum. Babu sauya baƙin mai, babu gyaran inji na kowane wata, amma kuɗin farko na iya ninka na mai gas, kuma kaso mai tsoka na kuɗin nan batir ne. Duk dabarun da zan ambata, ƙoƙari ne na amsa tambaya guda: wa zai zuba wannan kuɗin farko, kuma wa ya tabbatar masa zai dawo?

Hanya ta farko mun san ta, gwamnati ta saya da kuɗinta. A kawo motoci, a jera su, a yi musu fenti, a yanka kyalle, mai girma ya hau ta farko a zaga da shi. Tun shirin sufurin jama'a na zamanin Babangida a 1988 muke ganin wannan a jihohi daban-daban. Bayan shekara uku ka leƙa gareji, ka ga ta farko an ciro mata taya an sa wa ta biyu, ta biyu an ciro mata gilashi an sa wa ta uku, kaji na ƙwai a ƙarƙashin ta huɗu. (dariya) Kasafin kuɗi ya tanadi saye, bai tanadi gyara ba. Amma kada a ce hanyar ba ta taɓa aiki. Birnin Shenzen na ƙasar Sin ya mayar da bas ɗinsa kaf, sama da 16,000, zuwa lantarki a ƙarshen 2017, da tallafi mai yawa daga gwamnatin tsakiya da ta birni. Sai dai kamfanin BYD mai ƙera motocin a garin yake. Kamar ka ce wa ɗan Kwari ya nemo atamfa ne. Kuma ko su ɗin, da yawa daga motocin hayarsu aka yi daga kamfanonin kuɗi, wasu kamfanonin daban kuma suka riƙe wuraren caji.

Ta biyu, nan zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri. Wa ya taɓa sayen adaidaita ya ba yaro? Ɗaga hannu. Alhaji, na ga ka ɗaga kana cije leɓe. (dariya) Ni ma na taɓa. Da kuɗin wani aiki da na yi na saya, sabuwa gal, ledar kujera ma ba a cire ba. Muka yi da yaron zai riƙa kawo balas kullum bayan isha'i. Wata biyu na farko ko fashi babu. Daga nan sai yau KAROTA, gobe taya, jibi kakarsa ba lafiya. Kakar nan sau uku ta rasu. Ran da na karɓo mashin ɗina, injin na kuka kamar injin markaɗe, madubi ɗaya ne, shi ma da roba aka ɗaure. Me ya kashe cinikin? Kuɗin fasinja hannunsa yake fara shiga, sai abin da ya ga dama ya iso gare ni. Kuma mashin ɗin ba nasa ba ne, bai damu da ramin da ya faɗa ba.

To wannan ciniki namu na mai mashin da direba, shi aka yi a Santiyago, babban birnin Chile, sai dai sun toshe ramukan da ni na faɗa. A ƙarshen 2018 bas 100 na BYD suka fara aiki a can. Gwamnati ba ta saye su ba, kamfanin sufurin da ke tuƙa su, Metbus, shi ma bai saya ba. Kamfanin wutar lantarki ne, Enel, ya saya, ya kafa wuraren caji, ya ba Metbus haya na shekara goma, in an gama biya motoci su zama na Metbus. Me ya kai mai sayar da wuta sayen mota? Ciniki yake nema. Kowace bas kwastoma ce mai shan wuta kowane dare har shekara goma. Ba a jima ba wani kamfanin wutar, Engie, ya kawo wasu 100 ƙirar Yutong a kan irin wannan tsari.

Ga inda hikimar take, ku saurara da kyau. Kuɗin fasinja a Santiyago da kati ake biya, yana taruwa a asusu guda tare da tallafin gwamnati. Kafin a ba Metbus ko sisi, sai an cire kuɗin hayar motocin an tura wa mai su kai tsaye. Wato a cire balas tun daga tushe, kafin kuɗi ya taɓa aljihun direba. Da na samu haka, da kakar nan tana nan da ranta. (dariya) Na biyu, an rubuta cewa ko an kori kamfanin da ke tuƙi, motocin suna nan a kan layinsu, wanda ya gaje shi ya gaji motocin ya gaji biyan hayar. Mai kuɗi ba ya tsoron direba ya gudu. Na uku, wanda ya ƙera motar shi ke da alhakin kula da batir da kayan lantarkinta. In mota ta kwana a gareji saboda laifinsa, aljihunsa ne ke ji. Kowa an ɗora masa kayan da wuyansa zai iya ɗauka.

Zan maimaita, don wannan ne ya fito da ni daga gida. Banki ba ya tambayar launin motarka. Tambayarsa ɗaya ce, wa zai biya ni, kuma in an sauya gwamnati takardar nan tana nan? A garin da sabuwar gwamnati ke shigowa ta ce duk abin da ta baya ta sa wa hannu sai an sake dubawa, mai kuɗi zai tsuga riba mai yawa ko ya kama gabansa. Yarjejeniyar shekara goma ta fi wa'adin gwamna biyu tsawo. Sai an kafa ta da dokar majalisar jiha, da asusun da ba a taɓa shi da takardar wani babban sakatare.

Na ga Malam yana gyara zama tun da na ce riba. Malam, Allah Ya gafarta, wannan tsari ai kusan ijara ce, irin wadda ke ƙarewa da mallaka. Mai kuɗi ya mallaki kadara, ya ba da hayarta, a ƙarshe ta koma hannun mai haya. Gwamnatin tarayya ta fara fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, a 2017, naira biliyan 100, aka yi tituna da shi, jihar Osun ma ta riga ta tun 2013. Bas kadara ce da ake gani, ake taɓawa, take kawo kuɗi kullum. 'Yan kasuwar Kwari da Singa da Dawanau da ba sa son kusantar kuɗin ruwa, ga inda za su sa dukiyarsu. Kuma da naira za a tara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya ci bashin dala a farkon 2023 lokacin da farashin dala a hukumance yake wajen naira 460, ya wayi gari a 2024 dala ta haura 1,500, alhali fasinjansa naira yake biya. Bashin ya ninka uku motar ba ta ƙara kujera ko ɗaya ba.

Bogota ta Kolombiya ma ta raba kwangila biyu, mai kawo motoci daban, mai tuƙi daban, ta haka ta tara bas mai lantarki 1,485. Santiyago kuwa ta wuce 2,000.

Ina muke? Ta uku ko ta huɗu? (wata murya: ta uku) Ta uku. Ita ce biyan kilomita. Hukuma ta tsara layi, ta sa farashi, ta karɓi kuɗin fasinja. Ɗan kasuwa ya kawo motarsa da direbansa da cajinsa, a biya shi gwargwadon tafiyar da motar ta yi, ko ta cika ko ba ta cika ba. Haka Landan ke yi. Amfaninsa, direba ba ya tsayawa a Kabuga yana jiran sai ta cika, ba ya tsere da ɗan'uwansa don fasinja ɗaya. Indiya ta bi wannan hanya, a 2022 ta haɗa buƙatar birane biyar, har da Delhi da Kolkata, ta nemi bas 5,450 a ciniki guda, farashi ya sauko, sarin buhu ai ya fi awon kwano. Amma hukumomin sufurin jihohinsu sun saba jinkirin biya, sai da gwamnatin tsakiya ta kafa asusun lamuni. Kun ga mun dawo kan balas.

(nan wuta ta ɗauke, aka ɗan dakata kafin a tayar da janareta)

To ga amsar tambayar da na san tana ranku. (dariya) Mu yi lissafi a tsaye. A ce batirin kowace bas na cin yunit 300. Bas 100, yunit 30,000 ke nan kowane dare. In za a cika su cikin awa shida, ana bukatar megawat 5 tsayayye. Tashar hasken rana da ke Kumbotso, wadda aka buɗe a 2023, megawat 10 ce, kuma da rana take bayarwa, lokacin da motocin ke kan titi. Don haka duk wanda ya zo maka da maganar mota bai zo da maganar wuta ba, rabin magana ya kawo. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, ga madatsun ruwan Tiga da Challawa. A ganina mai wutar ya kamata a fara zaunarwa kafin mai motar. Sannan zafinmu na Afrilu da ke haura digiri 40 yana tsufar da batir da wuri, ga ƙurar hunturu. A rubuta a takarda wa zai sauya batir in ya gaji, kada a bar shi sai ranar.

Dakar kuma, a gurguje, sun buɗe layinsu na bas mai lantarki a 2024, kilomita 18. Gwamnati ta gina titin da taimakon Bankin Duniya, kamfanin Meridiam na Faransa mai kashi 70 da asusun zuba jarin Senegal mai kashi 30 suka sayi motoci za su gudanar shekara 15. Wannan ita ce ta huɗu... an miƙo mini takarda saura minti biyar, ga kuma hannu a baya. Bismillah, ɗan'uwa.

(Mai tambaya: Ranka ya daɗe, ni direban adaidaita ne, shekarata tara a kai, da ita nake ciyar da mutum bakwai. Duk wannan lissafin ban ji inda muka shigo ba. In bas ta zo, mu ina za mu?)

Ka yi gaskiya, kuma laifina ne da ban fara da kai ba. Zauna, na gode. In aka sa bas daga Janguza zuwa Bata, fasinjan dogon zango zai bar ka, ba zan ɓoye maka ba. Amma bas ba za ta shiga lungun Ɗorayi ko cikin Kurna ba, wani ne zai fito da mutane bakin titi, kai ne. Sai dai wannan bai isa amsa ba, don kuɗin gajeren zango bai kai na dogo ba.

Da Legas ta buɗe layinta na Mile 12 zuwa CMS a 2008, ba ta kori 'yan ƙungiyar direbobi ba. Ƙungiyar ce ta kafa haɗin gwiwa, banki ya ba ta bashin bas 100, ta biya daga cinikin kullum. A Nairobi kuma akwai kamfanin BasiGo da motocinsa suka fara aiki a 2022. Mai motar haya ya ba da kafin alƙalami, ya karɓi bas mai lantarki, sauran ya riƙa biya a kan kowace kilomita, caji da gyara duk a ciki. Ba shi da fargabar batir, na kamfani ne. Wannan ai kun fi ni saninsa, shi ne biya-ka-mallaka da kuke yi da dillalai, sai dai a nan gwargwadon tafiyar da motar ta yi ake lissafa kuɗin. Ku nawa ne a tasharku? (Mai tambaya: mun fi ɗari biyu.) Kuna adashi? (Muna yi, kullum.) To mutum ɗari biyu masu zubi kullum, da rajista da littafi, banki zai saurare su. Ku je da littafin adashin nan ranar da za a zauna rabon layuka, kada ku tsaya a bakin ƙofa sai an gama a karanto muku. Kai da shugaban tasharku ku same ni a waje in an tashi, ku zo da littafin in gani. Shugaba, na ga ka miƙe, ga makirfon ɗinka.