Kawu yana gumi a Kantin Kwari, aka ƙwace lemon daga hannun yaro

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da idanuna, jiya ban runtsa ba. Ina wurin aiki a nan Birmingham ƙanena ya kira daga Kano, wai Kawu ya yanke jiki ya faɗi a bakin shagonsa a Kantin Kwari.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru kafin faɗuwar. Yana zaune a benci, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, hannu na rawa, yana ta yi wa yaran shago faɗa ba gaira ba dalili, mutumin da ko tsawa bai iya ba. Wani yaro mai hankali ya ruga ya sayo Coke. Sai maƙwabcin shago ya fizge kwalbar, wai "Alhaji mai ciwon suga za ka ba lemo? Kashe shi za ka yi?" Aka koma yi masa fifita da kwali. Minti kaɗan ya kife. A adaidaita sahu aka kai shi asibiti, aka sa masa ruwan gulukos ta jijiya, ya buɗe ido. Alhamdulillahi.

Ashe sugansa ne ya sauka ƙasa sosai. Da safe ya sha Daonil ɗinsa, ƙwayar ciwon suga, aka ce masa diloli sun iso, ya fita bai karya ba. Wannan ƙwayar da allurar insulin ba sa jiran ka ci abinci, aikinsu kawai suke yi.

Ni shekarata shida ina allura, na san abin nan a jikina. Akwai wani farin abu manne a damtsena. Shi ke auna mini suga dare da rana, da ya sauka ƙasa da 4 wayata ta hau ƙara. A injin awon da ake sayarwa a kemis ɗin Kano, 4 ɗin nan ita ce wajen 70. Farin abin nan guda ɗaya ya kai fam hamsin in saya za ka yi, mako biyu ya ƙare, ni kuwa ko kwabo ba na biya. Amma wallahi duk da haka ba na fita sai da wannan, ga shi, sukari mai ƙwaya guda uku a leda. St. Louis ne, daga gida na sa aka taho mini da shi.

In ka ji gumin nan da rawar jiki da bugun zuciya, kada ka tsaya neman injin awo in ba ya kusa. Tauna sukari mai ƙwaya guda uku, ko ka sha rabin kwalbar lemo, ko babban cokali ɗaya na zuma. Ban da Coke Zero, ruwa ne kawai a wannan lokacin. Ka jira minti 15, in bai daidaita ba ka ƙara. Sannan ka ci abinci na gaske, don kada ya sake sulalewa. Ni a nan burodin leda nake ci, ku kuna da gurasa. Kai, bandashe da ƙuli da mai da albasa, shekara uku rabona da ita, ranar nan har mafarkinta na yi.

Amma in mutum ya riga ya suma, don girman Allah kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefe ɗaya, a nufi asibiti.

Masu azumin Litinin da Alhamis irin Kawu, ku ma ina ji da ku. In suga ya yi ƙasa da 70 a karya azumin, ko da la'asar ta wuce.

Na ce wa ƙanena ya ajiye kwalin sukari a durowar shagon, ya nuna wa yaran duka inda yake. Shi kuma maƙwabcin, na karɓi lambarsa, anjima in na tashi aiki zan kira shi da kaina.