Barewa Ta Yi Yawa A Gari: Laccar Da Aka Yi Kan Gandun Shaƙatawa

Toh assalamu alaikum, na baya kuna ji na? Madalla. Abu uku zan taɓo, in lokaci ya bar mu.

Na farko, yawan barewa. A Amurka wajen 1900 barewar nan mai farar wutsiya saura kaɗan ta ƙare, ba ta wuce dubu 500 ba, yau ana maganar miliyan 30. Kyarkeci da ke cin ta an kashe shi, cikin unguwa kuma ba a yarda ka harba bindiga ba, ga fulawa da ciyawa ana ta ba su ruwa a ƙofar kowane gida, toh me zai hana ta haihuwa, tagwaye ma take yi. Sai haɗarin mota, sai kaska mai ɗauke da cutar Lyme, sai ta cinye duk wani ƙaramin tsiro kamar akuya ta samu lambu ba shinge, ka ga daji da manyan bishiyoyi amma ƙasa fayau, babu na baya da zai gaje su.

Amma ni wanda ya fi burge ni, ku yi haƙuri zan ɗan daɗe a nan, shi ne tsibirin Staten Island a birnin New York. Barewar ma iyo ta yi ta tsallako daga jihar New Jersey, iyo fa. A 2014 aka ƙirga su daga jirgin sama aka samu 763, wasu mutanen gari ba sa son a kashe, hukuma kuma ba ta son surutu, sai a 2016 suka ce toh a yi wa mazan aiki. Ba dandaƙa ba, ku gane, jijiyar maniyyi kawai ake yankewa. A zuba masara, namiji ya zo ci, a harbe shi da allurar barci, likitan dabbobi ya yi aikinsa nan take, a maƙala masa lamba a kunne a sake shi. (dariya) Alhaji na ga ka gyara zama, barewa ake magana. Yana nan yana bin mata yana faɗa da ƴan uwansa, sai dai ba ciki. Miliyoyin daloli aka kashe, kuma dai wanda aka yi wa aikin gobe zai ci fulawarka, mota za ta buge shi, tunda ba mutuwa ya yi ba. Adadin ya ragu, amma a hankali, a hankali sosai. Ni dai ina ganin kuɗin sun fi aikin.

Na uku... au na biyu ko? Landan. Gandun shaƙatawa na Richmond Park, Sarki Charles na ɗaya ya katange shi a 1637, barewa kamar 600, duk Nuwamba da Fabrairu ana harbe wasu a rage su, shikenan.

Na'am malam? Ƙara ɗaga murya. Wai ina naman yake zuwa. Yauwa. A Washington, gandun Rock Creek, tun 2013 ƙwararrun maharba na gwamnati ke shiga da daddare lokacin sanyi, a rufe hanyoyi, naman a gwada lafiyarsa a ba masu ciyar da marasa galihu irin su DC Central Kitchen. Wasu sun kai ƙara kotu ba su yi nasara ba. Ko ya halatta a ci tunda ba yanka ba ne? A'a wannan kam sai Malam, ga shi can a zaune, a miƙa masa makirufo.