Nissan 350Z ta hannu: ku zo ku ga abin da ke cikin ramin filogi

Assalamu alaikum jama'a, musamman mutanen Gusau masu bibiyar wannan aiki, gaisuwa daga Houston. Ga ta nan, Nissan 350Z ƙirar 2004, mai ƙofa biyu, giyar hannu shida, injinta V6 ne lita 3.5 da ake kira VQ35DE. Kun yi ta tambayar yaushe za a sa mata salansa mai ƙara. Ba yau ba tukuna, ku matso ku ga dalili.

Wannan koyil ɗin, mai ba filogi wuta, yanzu na zaro shi. Kun ga robarsa ta jiƙe sharkaf da baƙin mai? Bari in haska tocila cikin ramin: filogin ma a nutse yake. Shi ya sa take kakkarwa in tana tsaye, kwamfuta kuma ta ba da P0300, wato wuta na tsallake. Da yawa sai su sauya filogi su rufe bonet, ba a jima ba ciwon ya dawo. Man daga murfin saman inji yake tsiyayowa. Kowane rami akwai zoben roba da ya kewaye shi, in ya kwana biyu yana shan zafi sai ya bushe ya tsage. A wannan injin kuwa zoben a jikin murfin yake, don haka murfin ɗungurungum ake sauyawa. Biyu ne, dama da hagu, kuma ni dai ban ga amfanin sauya ɗaya a bar ɗaya ba, tunda shekarunsu ɗaya.

Da farko a cire kan batir. Sai a kwance akwatin iskan alminiyam da ke saman inji, za ku ga ramuka shida sun bayyana. Don Allah a toshe su da tsumma mai tsabta nan take, noti ɗaya in ya faɗa ciki ya isa ya kashe inji. Kafin a kwance filogi a zuƙe man ramin da sirinji, kar ya gangara cikin silinda. Sabon murfi na roba ne, ba ya son ƙarfin hannu. A ɗiga gam kaɗan a kusurwoyi, a bi notocin a ɗaure su a mataki biyu, na ƙarshe kusan Nm 8 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri). Wanda ya danne safana da ƙarfi zai ji ƙas, kuɗinsa ya tafi. Filogi NGK PLFR5A-11 guda shida, Nm 25. Baƙin mai 5W-30, lita 4.7 har da sabuwar filta.

Sai ruwan lagireto, kuma nan nake so bakanikenmu na gida su saurara. Wannan injin yana riƙe iska cikin tiyo. Can baya, kusa da bangon da ya raba inji da ɗakin direba, akwai ɗan sukurun roba a jikin tiyon hita. A kwance shi, a ɗaga gaban mota, a riƙa zuba ruwan a hankali har ya fito ba kumfa, sannan a ɗaure da hannu mai sanyi don saurin karyewa gare shi. In aka bar iska ciki, allurar zafi za ta yi ta hawa da sauka. Ku tuna ranar Afrilu a Gusau da take haura 40, ba za ta yi wa irin wannan injin sassauci ba. Kuma ruwan sanyaya inji na gaske za a sa, rabi da rabi da tataccen ruwa, ban da na rijiya.

Tayoyin gaba sun cinye ta ciki, abin da aka san ƙirar 2003 da 2004 da shi. Na sa ƙarfe na banƙara bushin, wato robar da ke jikin ƙarfen ƙafar gaba, ya yi laushi, sai an sauya kafin a saita ƙafa.

Masu cewa a ƙara mata ƙasa-ƙasa, ku yi haƙuri. Yadda take ma, tudun rage gudu yana goga mata ciki. Abin da zan ƙara kawai shi ne faifan da ake sakawa ƙarƙashin akwatin iska don silindojin gaba su sami numfashi sosai, tunda akwatin a kwance yake yanzu. Miƙo mini soket mai lamba 10 mu fara da murfin dama.