Fodkas: Kamilla Cardoso a rigar Birazil, ta kai ko da saura?

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a shirinmu na ƙwallon kwando. Ni ce Zainab, ga Yaya Auwal a gefena, ga kuma autanmu Abba. Yau kan mace ɗaya za mu zauna, Kamilla Cardoso, sentar Jami'ar South Carolina ta Amurka a da, wato doguwar da ke tsayawa ƙarƙashin kwando, amma ba wasanta na jami'a ne ya tara mu ba, abin da ta yi wa ƙasarta Birazil tun tana ɗaliba shi muke so mu auna.

Abba: Anti Zainab ai ni ban ga abin aunawa ba wallahi. Yarinya tana makaranta ta je gasar ƙasashen nahiyar Amurka, AmeriCup, ta 2023 a garin León na Meziko, ta ɗauki kofi, ta doke Amurka a fainal 69 da 58, ita kaɗai ta zuba maki 20 ta kwashe ribawun 11, wato cafke ƙwallon da bai shiga kwando ba, aka ba ta kyautar gwarzuwar gasar gaba ɗaya. Me kuma ya rage?

Auwal: Da saura Abba, da saura sosai. Wace Amurka ta doke? Fara faɗa wa mutane wannan tukuna.

Abba: Amurka ai Amurka ce Yaya.

Auwal: A'a fa. Tim ɗin da Amurka ta tura Meziko ɗaliban jami'a ne zalla, babu 'yar WNBA, lig ɗin ƙwararrun mata na Amurka, ko ɗaya a ciki. Angel Reese na nan, Rickea Jackson, Lauren Betts, Deja Kelly, har da Raven Johnson wadda tim ɗinsu ɗaya da Kamilla a makaranta, kocinsu Kamie Ethridge. Yara ne masu kyau ba musu, amma an haɗa su ne na ɗan lokaci aka ce ku je ku buga, ita kuwa Birazil ta zo da manyan mata irin su Damiris Dantas waɗanda suka yi shekaru suna cin abinci da ƙwallo kuma sun san juna. Toh in ka ce Kamilla ta fi ƙarfin Amurka, gaskiyar maganar ita ce ta fi ƙarfin sa'o'inta da ƙannenta, waɗanda dama su take karawa da su duk sati a makaranta.

Zainab: Yaya ka tsaya, ban yarda a rage mata wannan ba. Lauren Betts fa tsayinsu ɗaya, ƙafa 6 da inci 7, wato mita 2.01, ba wai an sa mata wata gajera ba ce ta yi ta jefawa ta samanta. Kuma sau biyu Birazil ta doke su a gasar, a rukuni da kuma fainal. Sannan abin da mutane ke mantawa, kafin wannan gasar Kamilla ba ta cikin biyar ɗin farko a South Carolina, shekara biyu tana tasowa daga benci saboda Aliyah Boston na gabanta. Mace mai shekara 22 da ta saba shigowa a matsayin canji, aka wayi gari ƙasa guda ta ɗora mata ido a fainal kuma ba ta rikice ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne ko da wa aka buga.

Auwal: Wannan kam na ba ki ƙanwata. Betts dai lokacin shekararta 19, shekara ɗaya kacal ta yi a Stanford tana shirin komawa UCLA, amma na yarda, natsuwar da Kamilla ta nuna a fainal ɗin ta gaske ce. Abin da nake so a duba shi ne duk gasar, ba daren ƙarshe kaɗai ba, saboda in ka raba makinta a kan wasannin duka bai wuce kusan 11 a kowane wasa ba da ribawun 8. Ka ga ke nan ba kullum take cin 20 ba.

Abba: To me ya sa aka ba ta kyautar in haka ne?

Zainab: Saboda aikin senta ba a takardar maki yake ƙarewa ba Abba. Ni senta na buga a makaranta, kuma abin da koci ke nema a wajenki shi ne ki sa masu kutsowa ƙarƙashin kwando su canja shawara tun kafin su iso. Gad, wato mai ɗauko ƙwallo daga baya, ta taho da gudu ta ɗaga kai ta ga hannun Kamilla a sama, sai ta ja birki ta mayar da ƙwallo waje ko ta yi wani harbi na dole daga nesa, ba za a rubuta wa Kamilla bulokin ba, ba za a rubuta mata komai ba, amma ita ce ta kashe harin. Amurka da duk 'yan wasan nan nata maki 58 kawai ta iya ci a minti 40. Wannan lambar ita ce shaidar Kamilla a wajena, ta fi min maki 20 ɗin da ta ci.

Abba: Ni abin da ban gane ba, ana ta cewa wasan ƙasa da ƙasa daban yake da na jami'a. Ba kwando ɗaya ba ne? Kwata huɗu minti goma-goma duka, fawul biyar ka fita duka.

Auwal: Waɗannan ɗaya ne, har layin maki uku ma yanzu ɗaya ne tun kakar 2021 da jami'o'in mata suka mayar da nasu mita 6.75 irin na FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya. Amma akwai abubuwan da senta ce ta fi kowa jin su a jikinta. Na farko fentin nan na ƙarƙashin kwando inda ba a yarda mai kai hari ta wuce sakan uku a ciki ba, a jami'a faɗinsa ƙafa 12 ne, a FIBA mita 4.9 wato kusan ƙafa 16, toh inda za ki tsaya ki jira fas ya matsa baya da taku ɗaya ko fiye, kuma ga mace irin Kamilla da kusan duk makinta a gindin kwando take ci, takun nan ɗaya shi ne bambancin ta juya ta ajiye da kuma sai ta buga ƙwallo a ƙasa, da zarar ta buga a ƙasa kuwa ƙananan nan masu saurin hannu sun rufe ta. Na biyu agogo, a jami'a sakan 30 ne na hari, a FIBA 24, in kun kwaso ribawun a gaba a mayar muku 14 maimakon 20. Babu lokacin da za a yi ta zagaye ana jiran senta ta samu wuri. Sannan a FIBA da ƙwallo ta taɓa ƙarfen kwando kowa na iya kai mata hannu.

Zainab: Wannan na ƙarshen ai riba ce ga doguwa.

Auwal: Riba ce in ta saba. Wadda ta shekara da shekaru ana hura mata usur in ta taɓa, hannunta ba zai miƙe da kansa ba. Amma ku bar ni in zo inda nake so in zo tun ɗazu, Belém, watan Fabrairun 2024. A nan ne jarrabawar gaske take.

Abba: Wasannin neman gurbin Olamfik na Paris.

Auwal: Yauwa. Ƙasa huɗu, tikiti uku, kuma a gidan Birazil ake yi gaban mutanensu. Ostireliya, Sabiya, Jamus, Birazil. Ɗaya kaɗai za a bari a baya, kuma Birazil ce aka bari, wasa uku ba ta ci ko ɗaya ba. Ostireliya ta doke su 60 da 55, Sabiya ma ta doke su, ranar ƙarshe Jamus ta tsallake da 73 da 71 ta tafi Olamfik karon farko a tarihinta. A nan ba ɗalibai ba ne a gabanta, Ezi Magbegor ce ta Seattle Storm, wadda iyayenta ma 'yan Najeriya ne, ga Satou Sabally da ƙanwarta Nyara, ga Marie Gülich, ga Lauren Jackson da ta haura shekara 40 ta san duk wata dabarar ture mutum ba tare da alƙalin wasa ya gani ba.

Zainab: Amma dubi tazarar Yaya, maki 5 da maki 2. Ba kaca-kaca aka yi musu ba. Kuma ni a nan nake jin zafin yadda ake ɗora mata laifi, don senta ba ta ɗauko ƙwallo daga baya da kanta, sai an kawo mata. Kamar mai tuƙa tuwo ce, komai ƙarfin hannunta in ba a miƙo gari ba ruwa kawai za ta yi ta juyawa. A South Carolina tana da Te-Hina Paopao da ke harbin maki uku kamar ba gobe, tana da Raven Johnson da ta san daidai inda take son fas, tana da koci Dawn Staley da benci cike da 'yan wasa, in ka tara mata mutum biyu sai a hukunta ka daga waje. A Birazil in Damiris ba ta kama wuta ba, abokan karawa sai su cika fenti kawai su ce ku harba daga nesa mu gani.

Auwal: Ban musa ba. Amma ki lura da abin da maganarki ke nufi, tana nufin a lokacin Kamilla ba ta da hanyar da za ta samar wa kanta maki in an toshe gindin kwando. Ba ta da harbin tsakiyar nan na taku huɗu biyar da zai jawo mai tsaronta waje, kuma a tsaro in aka jawo ta sama da sikirin, wato a tare wa mai ƙwallo mai tsaronta, ana sa ta bin gad, nan ma akwai aiki, su kuwa Turawa abin da suka ƙware a kai ke nan, sentocinsu na fita waje su harba, dole ki bar kwandon da kike gadi.

Abba: Amma ta ci maki uku a kan Tennessee ai, a sakan na ƙarshe, 74 da 73!

Auwal: Ta ci, a wasan kusa da ƙarshe na gasar SEC, rukunin jami'o'in da South Carolina ke ciki, a watan Maris 2024, kuma shi ne maki uku na farko da ta taɓa ci a duk zamanta na jami'a. Shi ya sa ma Tennessee suka bar ta ita kaɗai a wajen, ba wanda ya bi ta.

Zainab: Ni akwai abin da ya fi taɓa ni a labarin Belém ɗin nan, ba a cika faɗa ba. A tsakiyar kaka ta bar makaranta, tim ɗinta ba a doke su ko sau ɗaya ba, ga babban wasa da UConn, Jami'ar Connecticut, a gaba, ta ce ƙasata na kira ta hau jirgi. Yarinyar da ta bar Montes Claros tana shekara 15 ta bar mahaifiyarta da yayarta ta tafi Chattanooga a Tennessee ba ta jin Turanci, makarantar Hamilton Heights, inda Elizabeth Balogun tamu ta D'Tigress, tim ɗin matan Najeriya, ma ta yi karatu. Ta je ta sha kashi uku a gaban mutanenta, ta dawo, cikin wata biyu a gasar jami'o'in Amurka ta ci maki 22 a kan NC State a wasan kusa da ƙarshe, ta zo fainal da Iowa ta ci 15 da ribawun 17, suka gama kaka wasa 38 ba faɗuwa, aka ba ta gwarzuwar Final Four, wato zagayen tim huɗu na ƙarshe, Chicago Sky ta WNBA ta ɗauke ta ta uku a zaɓen sabbin 'yan wasa. Wallahi mai raunin zuciya ba ta yin wannan.

Abba: Kuma fa South Carolina ta doke UConn 83 da 65 ba ita.

Auwal: Ka ga wannan shi ke nuna maka bambancin nauyin da ke kanta a wurare biyun. A makaranta in ba ta nan Ashlyn Watkins ta shiga a ci gaba da tafiya. A Birazil babu wata Kamilla ta biyu, kuma ƙasa ce mai tarihi da ke matsa wa 'yan wasanta, su ne zakarun duniya a 1994 zamanin Hortência da Paula da Janeth, azurfa a Atlanta 1996, tagulla a Sydney 2000, yanzu kuma tun Rio 2016 ba su sake taka Olamfik ba, Tokyo ta wuce su Paris ta wuce su. Duk wannan ƙishin aka tattara aka ɗora wa ɗaliba.

Zainab: Kuma Ostireliyar nan da ta gagare su, wata biyar bayan haka D'Tigress ta doke ta 75 da 62 a Lille a Olamfik na Paris, ba mu da mai tsayin Kamilla.

Auwal: Da me muka doke su? Da matsi tun daga rabin fili, da ƙwace ƙwallo, da Ezinne Kalu da ta ci 19, su Murjanatu Musa kuma suna ta kokawa a ciki da waɗanda suka fi su tsayi. Koci Rena Wakama ta gina tim ɗin ne a kan gad masu zafi. Birazil ta samu abin da mu ba mu da shi, ta rasa abin da muke da shi.

Abba: To Yaya in ka ba ta maki bisa goma, na rigar Birazil kaɗai, tana ɗaliba?

Auwal: Bakwai. Tsaro da ribawun ta kai matakin duniya tun a lokacin, hari kuwa sai an dafa mata.

Zainab: Ni takwas, kuma ɗayan da na ƙara na jirgin da ta hau zuwa Belém ne. Abba kai fa?

Abba: Tara na zo da shi Anti, amma zancen faɗin fentin nan ya shige ni, bari in sake kallon wasan Jamus ɗin in duba inda take karɓar fas kafin in faɗi nawa. Masu sauraro ku ma ku turo naku, sati mai zuwa za mu karanta.